Tarkon Hazo Da Abin Da Ya Sami Mutanen Chungungo

A watan Oktoba na 2025 aka ba waɗansu masana uku lambar girma ta Nobel a fannin ilmin haɗa sinadarai, watau Susumu Kitagawa, da Richard Robson, da Omar Yaghi. Shi wannan na ukun, a birnin Amman na ƙasar Jodan aka haife shi cikin 1965. Iyayensa Falasɗinawa ne 'yan gudun hijira, ya kuwa tashi a unguwar da ruwan famfo ya kan yi mako guda ko biyu bai zo ba. Da ya girma ya zama babban malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ɗaya daga cikin abubuwan da ya sa gaba shi ne neman dabarar da za a tatsi ruwan sha daga iskar hamada.

Labari irin wannan yana da daɗin ji, balle ga wanda ya san jan guga a rijiya mai gaba 20 cikin bazara. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu warware wa masu karatu maganar tun yanzu, tun ba a zo mana da ita cikin akwati an ce mu sa hannu mu biya ba.

Da farko dai, jama'a, abin ba tatsuniya ba ne. Akwai ruwa cikin iska. Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar ruwan sanyi ya ga jikinta ya yi gumi, ya ga wannan ruwa da idonsa. Ba daga cikin kwalba ya tsattsafo ba, iska ce ta taɓa sanyi ta saki abin da ta ke ɗauke da shi. Raɓar da ke jiƙa ƙafar manomi da asuba ita ma haka ne. Masana sun ƙiyasta cewa ruwan da ke yawo a sararin sama a kowane lokaci ya ninka na cikin dukan kogunan duniya wajen sau 6. A hamadar Namib ta kudancin Afirka ma akwai wani ɗan ƙwaro baƙi mai kama da buzuzu, wanda kan hau tudun rairayi da sassafe, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya yana fuskantar iskar teku, laima ta taru a gadon bayansa ta gangaro masa har baki. Ikon Allah ke nan.

Amma ba a raba wannan arziki daidai tsakanin ƙasashe ba, nan kuwa maganar ta ke.

A gaɓar yamma ta Amurka ta Kudu akwai ƙasar Cile, wadda arewacinta hamada ce mai suna Atakama. Akwai garuruwa a can, kamar Arica, inda ruwan saman shekara guda ba ya cika kai milimita 1. Duk da haka kusan kullum gajimare na kwance a kan duwatsun bakin teku. Dalili shi ne wani kwararon ruwa mai sanyi ƙwarai da ke tasowa daga kudu yana bin gaɓar. Iska mai laima ta kan bi ta kansa ta yi sanyi, ta zama gajimare mai tafiya ƙasa-ƙasa, sa'an nan ta hau tuddai ta lulluɓe su. Ɗigon ruwan da ke ciki bai kai kaurin gashin kai ba, don haka ba ya faɗowa ƙasa, sai dai ya wuce. Mutanen can suna kiran wannan hazon ruwa kamancaka. Tun cikin shekarun 1950 wani malami a garin Antofagasta, Carlos Espinosa, ya fara gwada yadda za a ɗana masa tarko.

Tarkon ba wani abin mamaki ba ne. A kan kafa dogayen sanduna biyu a kan tudu, a ɗaura raga tsakaninsu tana fuskantar iska, irin ragar robar nan da masu lambu ke yi wa dashe inuwa da ita. Hazo ya ratsa ta, ɗigo ya maƙale a zare, ya haɗu da ɗan'uwansa ya yi nauyi, ya gangara cikin indararo, daga nan sai tanki. Ba inji, ba mai, ba lantarki.

A shekarar 1987 masana na Cile da na Kanada, cikinsu har da Pilar Cereceda da Robert Schemenauer, su ka kafa irin waɗannan raga 50 a kan wani tudu mai suna El Tofo, inda dā a ke haƙar tama. Kowace raga faɗinta mita 12, tsawonta mita 4. Niyyarsu ta farko bincike ne da rayar da itatuwa. To, a gindin tudun akwai wani ƙauyen masunta, Chungungo, mai mutum wajen 300, waɗanda ba su da ko rijiya, sai motar tanki ke kawo musu ruwa daga nesa, su saya da tsada su yi ta cancana shi. Da su ka ga ruwa na zuba a bisa kansu, su ka nemi a ba su. Cikin 1992 aka ja bututu daga tudu zuwa ƙauye, aka buɗe famfo. Aka yi ta ƙara raga har su ka kusa 100, suna ba da wajen lita 15,000 kowace rana in an daidaita lissafin shekara, watau garwa sama da 800. Rabon kowane mutum ya ninka abin da mota ke kawo masa fiye da sau biyu. Mata su ka yi lambu, aka shuka furanni a ƙofar gida, 'yan jarida su ka yi ta zuwa daga ƙasashen duniya suna ɗaukar hoto.

Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Zuwa shekarar 2002 raga 9 kaɗai su ka rage a tsaye. Saura iska ta yayyage su, sanduna sun faɗi, waɗansu kayan ma an kwashe. Motar tanki ta komo bakin aikinta.

Me ya faru? Hazo bai daina zuwa ba, raga kuwa ba ta ƙi aiki ba. Hukumar Kanada da ta ba da kuɗin ta bi sawun maganar daga baya, abin da aka gano kuwa ya isa a yi tunani a kansa. Da ruwa ya samu, ƙauye ya cika, mutane su ka ninka, baƙi su ka gina gidajen hutu, ruwan da ya ishi 300 ya kasa isar taron da ya zo, ba wanda ya ɗauki nauyin ƙara raga. Tun asali kuma ba a zauna da masuntan an shirya aikin da su ba. Masana ne su ka zo da abinsu, su ka kafa a kan tudu mai nisa da gari, su ka miƙa su ka tafi. Mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba, balle wani ya hau dutse da allura da zare ran da raga ta yage. Sa'an nan ga abin da ya fi ba mu mamaki: da gari ya sami lantarki da hanya, sai shugabanninsa su ka fara ganin shan ruwan hazo ƙasƙanci ne, abin ƙauyawa, ba ya dace da gari mai tasowa. Su ka juya suna roƙon hukuma ta ja musu bututu daga kogin Los Choros, tafiyar wajen kilomita 20, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala miliyan guda. Suna jiran wannan, na hannu ya lalace. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Kada mai karatu ya yi wa mutanen Chungungo dariya. Ya fita bayan garinsu ya ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa nawa ne aka buɗe da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a gindinsu don rashin wata 'yar roba da kuɗinta bai kai na kaza ba. Ciwon ɗaya ne. Mun iya bikin buɗewa, ba mu iya biyan mai gyara ba, kuma mun fi son babban aiki da za a yi mana baɗi bisa ga ƙaramin da za mu riƙe da hannunmu bana.

Daga na gaba a kan ga zurfin ruwa. Waɗanda su ka fi kowa amfana da wannan darasi a nan Afirka su ke, a kudu maso yammacin Maroko, ƙasar Ait Ba'amran kusa da garin Sidi Ifni. A can akwai dutse mai suna Boutmezguida, tsawonsa mita 1,225, wanda hazon tekun Atlantika ke lulluɓewa watanni da yawa a shekara. Matan ƙauyukan da ke gindinsa su kan yi awa 3 ko fi kullum suna neman ruwa da jakuna. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasa, Dar Si Hmad, bisa jagorancin Aissa Derhem da Jamila Bargach, ta ɗauki aikin. Abin da ya burge mu da su shi ne haƙuri. Tun 2006 su ka kafa 'yar ƙaramar raga suna auna abin da ta kama, shekara bayan shekara, ba su buɗe famfo ba sai Maris na 2015. Sun fara da raga mai faɗin murabba'in mita 600 da ƙauyuka 5. Da iskar dutse ta yi ta yaga ta, aka sake wata mai ƙarfi wadda wata gidauniyar Jamus ta ƙera, har faɗin ya kai wajen murabba'in mita 1,700 cikin 2018, ƙauyuka kuma su ka ƙaru. Hazon can ya fi na El Tofo ruwa nesa ba kusa ba: inda murabba'in mita guda ke ba da wajen lita 3 a rana a Cile, a Maroko sabuwar ragar ta kan ba da wajen 20.

Amma ba yawan ruwan ya riƙe aikin ba. An ja famfo har cikin kowane gida, an sa masa abin awo, mai gida ya biya ɗan kuɗi kaɗan kafin ya sha, kuɗin kuwa na gyara ne. An koya wa samarin ƙauyukan aikin famfo da kula da raga. An kuma zauna da mata, gama su ne dā ke riƙe da sha'anin ruwa, ba su so a ƙwace musu shi don kawai ya koma cikin bututu. Wanda ya biya kuɗinsa, ran da famfo ya ƙafe ba zai yi shiru ba, ya kuma san ƙofar da zai buga.

To, mu fa? Nan ne ya kamata a yi hankali da kalma, domin harshenmu ya kan ruɗe mu. Abin da mu ke kira hazo cikin hunturu, wanda ke rufe rana ya hana jirgin sama sauka Kano, ba ruwa ba ne, ƙura ce. Mafi yawanta daga wani kwari na ƙasar Cadi mai suna Bodele iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Wanda ya kafa raga a Katsina ko Damagaram cikin Janairu, abin da zai samu a indararo garin ƙasa ne. Lokacin nan laimar iska ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ya damu mutane, wanki ya bushe kafin a gama shanya. Tarkon hazo ya fi aiki inda teku mai sanyi ya haɗu da tudu da iska mai kaɗawa kullum. Ba mu da wannan a ƙasar Hausa, faɗin gaskiya kuwa ya fi.

Saura injunan nan masu aiki da lantarki, waɗanda ke zuƙar iska su sanyaya ta kamar firji, ruwa ya ɗiga cikin tulu. Suna aiki, ba mu musa ba. Sai dai a yi lissafi. Iska mai zafin digiri 30, in ta cika da laima maƙil, awon mita guda tsawo da faɗi da zurfi na ɗauke da wajen giram 30 na ruwa. In laimar ta koma kashi 15, abin da ya rage bai kai giram 5 ba. Watau kafin a sami lita guda sai an tatse iskar da za ta cika manyan ɗakuna 4 ko 5 ƙarƙaf, kuma sai an sanyaya ta har ta kusa zama ƙanƙara kafin ta saki ɗigo ɗaya. Ko a wuri mai laima sosai, irin waɗannan injuna su kan ci wajen sulusi zuwa rabin yunit na lantarki a kan kowace lita. Gida mai mutum 10, kowa lita 20, zai ƙona yunit 60 zuwa 100 kowace rana. A gwada da masu tace ruwan teku su raba shi da gishiri, waɗanda yunit 3 ko 4 ke ba su lita 1,000. Ga kuma abin takaici: inji ya fi ba da ruwa cikin Agusta, sa'ad da kowane kududdufi ya cika, ya kuma yi shiru cikin Maris, sa'ad da a ke nemansa. Ba mu ce ba shi da rana ba. A garuruwan bakin teku, ko a asibiti, ko wurin da ambaliya ta gurɓata rijiyoyi alhali iska na jiƙe, zai iya ceton rai. Amma a ce da shi za a shayar da ƙauyen Sahel da dabbobinsa, wannan maganar ɗan kasuwa ce.

Tarihi ma ya ajiye mana gargaɗi. Cikin 1931 wani injiniya ɗan Beljiyam, Achille Knapen, ya gama gina wata ƙatuwar hasumiya ta dutse mai tsawon mita 14 a kudancin Faransa, yana tsammanin za ta tara raɓa ta shayar da gari. Ginin yana nan har yau, masu yawon buɗe ido na kallo, amma ruwan da ya bayar bai taka kara ya karya ba. Ya yi gini kafin ya yi awo.

Abin da Malam Yaghi da abokan aikinsa su ka zo da shi dabam ne, shi ne kuma kaɗai ya shafi busasshiyar iska irin tamu. Wani gari ne da a ke haɗawa a ɗakin bincike, kowace ƙwayarsa cike da ramuka ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kamar saƙar zuma. In an shanya shi da dare sai ya tsotsi laima ko da kaɗan ce a iska. Da rana a rufe shi cikin akwati, zafin rana ya kore ruwan ya fito tururi, ya taru a jikin akwatin ya ɗiga. An gwada shi a hamadar Arizona cikin 2017, kilo guda na garin ya ba da wajen giram 100 na ruwa a kwana. Cikin 2022 aka kai wani sabon iri Kwarin Mutuwa na Kalifoniya, ɗaya daga wuraren da su ka fi ko'ina zafi da bushewa a duniya, kilo guda ya ba da abin da ya ɗara giram 200, ba tare da lantarki ba. Wannan babban abu ne a wurin masana, mu ma mun yaba. Amma giram 200 ɗan kofi guda ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ran da garin nan ya yi arahar da talaka zai saya, ya kuma jure ƙurar hunturu shekara da shekaru bai toshe ba, za mu zama na farko da za su yi shela.

Kafin ran nan, akwai wani tarko da Allah Ya riga Ya ba mu, mu ke wulaƙanta shi, watau rufin kwano. Milimita guda na ruwan sama a kan murabba'in mita guda lita guda ne. Rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, a ƙasar da ke samun milimita 800 a damina kamar kewayen Kano, ruwan da ke sauka kansa lita 40,000 ne. Raga guda ta El Tofo, wadda girmanta kusan ɗaya da rufin nan, abin da ta kan tara a shekara bai fi lita 50,000 da ɗan ɗori ba. Ashe abin da mutanen Cile su ka hau dutse su ka kafa sanduna dominsa, mu kusan irinsa ke kwarara ta indararonmu ya shiga kwata. Matsalarmu wurin ajiya ce. A arewa maso gabashin Barazil, ƙasa mai dogon rani kamar tamu, tun farkon shekarun 2000 aka shiga gina wa gidaje tankunan siminti masu cin lita 16,000, magina na ƙauye ke yi, masu gida na taimakawa da haƙa, har adadinsu ya wuce miliyan guda.

Abin da mu ke roƙon Gwamnati da jami'o'inmu ba mai tsada ba ne. Akwai tuddai a ƙasar nan inda gajimare ke sauka ƙasa, kamar Mambila da Obudu da waɗansu sassan Jos. Masanan da su ka yi aikin El Tofo sun fitar da 'yar ragar gwaji mai faɗin murabba'in mita guda tak, wadda kowane maƙeri zai iya haɗawa. A kafa irinta a waɗannan wurare, a sa ɗalibai su auna abin da ta kama kowace safiya har shekara ta zagayo, musamman watannin rani, gama hazon da ke zuwa tare da damina ba ya maganin ƙishirwar kowa. A buga sakamakon a fili kowa ya gani, ko da sifiri ne.

In kuwa wani kamfani ya zo wa wata ma'aikata ko ƙaramar hukuma da injin tatsar ruwa daga iska, a yi masa maraba, a ba shi wurin zama, amma kada a yarda da gwajin da aka yi a Legas ko cikin Agusta. A ce ya kai injinsa Nguru ko Illela cikin Fabrairu, ya kunna shi kwana 30 a gaban jama'a, ana rubuta litar da ya bayar da man da ya sha. Sa'an nan a tambaye shi sunan wanda zai gyara shi in ya tsaya, da garin da mutumin ke zaune, da inda a ke sayar da kayan gyaran, a rubuta amsar cikin takardar yarjejeniya kafin ma'aji ya buɗe akwati.